Hitar Ruwa Ta Lalace: Wane Ma'aikaci Ya Kamata A Kira?

LEGAS — Gidajen birnin Ikko ba su da bukatar dumama ɗaki irin ta ƙasashen Turai, ko irin ta Jos da Kano a tsakiyar hunturu. Abin da ake dumamawa a nan shi ne ruwa. Masu masauki a Agege, da masu ƙananan otal da gidajen haya a Isolo, sun san cewa baƙon da ya tashi da asuba cikin sanyin damina ya tarar da hita ba ta aiki ba lalle ne ya sake sauka wurinsu ba. Sai dai yawancin asarar da ake yi wajen gyara tana farawa ne tun daga kiran ma'aikacin da aikin ba nasa ba ne.

Dalili kuwa shi ne, hitar ruwa ta haɗa sana'o'i biyu. Tukunya ce da ruwa ke shiga yana fita ta bututu, wannan fannin mai aikin famfo ne. A cikinta kuma akwai ƙarfen da lantarki ke zafafawa, tare da wata 'yar na'ura mai yanke wuta idan ruwan ya kai zafin da ake so, wannan kuwa fannin mai aikin wayarin ne. Saboda haka kafin a aika kiran kowa, ya kamata maigida ya duba alamar da ta bayyana. Idan ruwa ne ke ɗiga, ko yana zuwa ba ƙarfi, ko ya fito da tsatsa, to mai aikin famfo za a nema. Idan kuwa ruwa na zuwa sosai amma da sanyinsa, ko wutar gidan na yankewa da zarar an kunna, ko ana jin ƙaurin roba a makunni, aikin mai wayarin ne. In har mai wanka ya ji wuta ta ja shi a bakin famfo, sai a kashe hitar nan take, kada kowa ya ƙara shiga makewayin sai an bincika wayar da aka binne a ƙasa domin kariya.

Akwai wata lalacewa da ke yawan faruwa a unguwannin da suka dogara da rijiyar burtsatse da tankin sama. Idan tanki ya ƙafe aka kunna hita babu ruwa a cikinta, ƙarfen yakan ƙone cikin ɗan lokaci. Ma'aikacin da ya sauya ƙarfen ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai tambayi yadda ruwa ke zuwa gidan ba, ya bar wa kansa hanyar dawowa ne kawai.

Batun waya shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Lantarkin Nijeriya yana zuwa ne da ƙarfin bolt 230, kuma hita mai wat 3,000 tana jan kimanin amfiya 13, watau iyakar abin da soket ɗin bango ke ɗauka. Don haka ne ake ja mata layinta ita kaɗai daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kauri da makunni nata na musamman. Duk wanda ya ce zai jona ta a layin fitilu ko na firji domin a rage kashe kuɗi, a sallame shi da girma da arziki, gama ta nan gobara ke tashi. Akwai kuma lissafin kuɗin wuta: a watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, awa guda ta irin wannan hita ta kama naira 675.

To, ta yaya za a gane wanda ya cancanta? Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana yin jarrabawar sana'a mai mataki uku, na ɗaya shi ne mafi girma, kuma ta shafi masu famfo da masu wayarin duka. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin takarda. Amma gaskiya ita ce, ƙwararru da dama a Agege da Oshodi a hannun ubangida suka koyi aiki, ba su taɓa zama jarrabawa ba. Ga irin waɗannan, abin dubawa shi ne shago tsayayye da za a iya komawa, da wani ɗan kasuwa da zai ce ga aikin da ya yi mini bara, har yanzu yana nan lafiya. A kuma tabbatar wanda aka yi ciniki da shi ne zai zo, domin sau da yawa maigidan shago ke yanka farashi, yaronsa ke zuwa aiki.

Wajen ciniki, a raba kuɗin hannu da kuɗin kaya, a rubuta kowanne daban. Idan daga kasuwar Alaba za a sayo kayan, a nemi rasit, a kuma karɓi tsohon ƙarfen da aka cire. Game da waya, a kankare bakinta a gani, domin akwai jabu wadda jan ƙarfen nata shafe ne kawai a bisa wani ƙarfe mai araha.

Har ila yau, wasu ma'aikatan kan kawo shawarar a zagaye mita da layin hita, wai don a huta da biyan kuɗi. Dokar lantarki ta 2023 ta ɗauki wannan a matsayin laifi, kuma ranar da jami'an kamfanin Ikeja Electric, mai rarraba wuta a Agege da Isolo, suka gano, mai gidan za a yanke wa wuta, shi ne kuma za a ci tara.