Taswirar mota ta 'muddin rai': Ko za ta kai ka ƙauyukan Makoɗa?

Duk wanda ya taɓa sayen motar Kwatano ya san allon nan da ke gefen sitiyari. Ka tayar da mota a Kano, allon ya haska ya nuna maka titunan wani gari a Jamus ko Amurka, ko kuma ya ajiye 'yar kibiya a tsakiyar fili fetal. Dillali zai ce maka abu ne mai sauƙi: a ɗora mata taswirar Najeriya, ko ka sayi ƙaramar na'urar nuna hanya irin ta Garmin ko TomTom, wadda aka rubuta a kwalinta cewa za a riƙa sabunta maka taswira muddin rai.

Ga mai zirga-zirga tsakanin birni da ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci ko Minjibir, a lokacin da litar fetur ta zama abin lissafi tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ɓata hanya asara ce ta kuɗi. Shi ya sa maganar ke shiga kunne. Amma kafin a zaro kuɗi, ya kamata a san me ake saye.

Ran wa ake nufi?

Siginar GPS kyauta ce. Taurarin ɗan'adam na gwamnatin Amurka ne ke aiko ta, kuma na'ura na iya sanin inda take ko babu layin waya. Abin da kamfanoni ke sayarwa shi ne zanen hanyoyi da sunayen wurare da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kibiyar.

Shi kuma “muddin rai” ba ranka ake nufi ba, ba kuma na motar ba. A sharuɗɗan kamfanonin, ran na'urar ne, wato tsawon lokacin da take iya ɗaukar sabuwar taswira kuma kamfanin ke ci gaba da kula da ita. A farkon 2018 TomTom ya sanar cewa wasu tsofaffin na'urorinsa sun daina samun sabuntawa domin ma'ajiyarsu ta yi wa sababbin taswirori kaɗan, abin da ya fusata masu su a Turai. To, ire-iren waɗannan tsofaffin ne ke gangarowa kasuwannin gwanjo.

Akwai kuma wani abin da ba kasafai mai sayarwa ke faɗa ba: alƙawarin ya shafi taswirar yankin da aka sayar da na'urar ne. Wadda aka saya a Landan za ta yi ta kawo maka sababbin shataletalen Ingila, ba ruwanta da Bichi.

Inda kwalta ta ƙare

A ce ma ka samu taswirar Najeriya. Titin Katsina da ya bi ta Dawanau, Bichi da Tsanyawa yana ciki. Titin Daura ta Dambatta da Kazaure yana ciki. Sai dai waɗannan hanyoyi ne da ko yaron mota ba ya neman a nuna masa su.

Aikin yana farawa ne idan ka sauka daga kwalta. Wannan yanki na cikin ƙasar noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken masanin nan Michael Mortimore ya nuna tun shekarun 1960. Gona na manne da gona, ba a barin saura, kuma ba ka tafiya mai nisa ba ka ga wata unguwa ba. Tsakaninsu burtali ne da hanyar amalanke da ta babur. Da rani mota na ratsa busasshiyar ƙorama ta rage tafiya. Da damina ta kankama, ƙoramar ta ɗauko ruwa, gero da dawa su rufe gefen hanya, kwalbati ɗaya ya karye, sai a koma zagaye. Taswirar da ake sabuntawa sau uku ko huɗu a shekara daga wani ofis a ƙetare ba ta da labarin wannan.

Ga kuma rikicin suna. Sabon Gari, Tudun Wada, Unguwar Liman, Unguwar Rimi: kusan kowace gunduma na da nata. Na'ura za ta zaɓar maka ɗaya, ta kai ka har ƙofa cikin ladabi, alhali ɗaurin auren da za ka je yana wata ƙaramar hukuma.

Abin mamaki, aikin da ya fi tantance ƙananan ƙauyukan Kano ba kamfanonin mota ne suka yi shi ba. Yaƙi da cutar shan inna ne. Daga wajen 2012 aka fara maye gurbin taswirorin da ake zanawa da hannu da hotunan tauraron ɗan'adam, aka riƙa bai wa masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, kuma ta haka aka gano ƙauyuka da rugage da ba sa cikin kowane lissafi. Kungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano na cikin waɗanda suka yi aikin.

Wayar da ke aljihunka

Abin da ya fi karya kasuwar waɗannan na'urori shi ne waya. Google Maps na bari ka sauke taswirar yanki guda ka yi amfani da ita babu intanet, kuma tun 2019 ya ƙara wa Najeriya tsarin nuna hanyar babur. Akwai manhajojin da ke dogara da OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa, wadda ɗan Kunci ma zai iya ƙara hanyar garinsu a ciki. Kuɗin data kawai za ka kashe, ita kuwa waccan da dala ake cinikinta, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024.

Wayar ma tana da nata. Takan yi zafi a rana ta ɗauke, kuma tana da son yanke, ta tura ƙaramar mota cikin rairayi. Amma inda ake samun manyan sauye-sauye, kamar gadojin sama na cikin birni ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 wanda zai ratsa Dambatta, waya ce ta fi saurin kamo su.

A ganina, mai hawa ƙauyukan nan bai da dalilin biyan ko sisi don sabunta taswirar mota. Waɗanda na'urar GPS ke yi wa rana su ne masu haƙar rijiyar burtsatse, malaman gona da dillalan riɗi da gyaɗa, domin tana adana musu wurin da suka taɓa zuwa da hanyar da suka bi, kuma wannan ba ya buƙatar biyan kowa.

Sauran bayanin kuma yana tasha. Tun bayan hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina a 2025, tambayar direba ta wuce wace hanya ce ta fi kusa, ta koma wacce ake bi bayan magariba. Wannan sai a bakin ɗan kamasho ko ɗan acaɓan da ya fito daga can da safe.