Abin da bugun zuciyarka ke faɗa game da ciwon suga

Da sassafe, kafin ka sha shayi ko ka ɓare goro, zauna na minti biyar. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga bugun da kake ji na daƙiƙa 30, sai ka ninka shi biyu. Ga baligi mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Sai dai a cikin wannan tazarar ma, mai 65 da mai 90 ba ɗaya suke ba.

Ba kai ke umartar zuciyarka ba. Akwai jijiyoyi masu aiki da kansu, su ke kula da bugu da gumi da narkewar abinci, kana barci ko kana farke. Kashi biyu ne, kamar ƙaimi da linzami a wurin doki. Idan ka ji harbi, ƙaimin ne ke tashi: gaba ta faɗi, zuciya ta yi sauri, hanta ta zubo suga cikin jini domin ƙafa ta sami ƙarfin gudu, a kuma rage fitar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Haɗari na wucewa, linzamin ya ja, komai ya lafa. Rahamar Allah ce wannan, muddin na ɗan lokaci ne.

Nan ne nake tuna mutanen Kusasu da sauran ƙauyukan da ke bakin dajin Birnin Gwari. Shekara da shekaru suna barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, wasu sun kwana a jeji, wasu sun bar gona sun koma zaman hijira a gari. Jikin da ke cikin irin wannan hali ƙaiminsa ba ya hutawa. Ga ƙarancin barci, ga manomin da ya saba huɗa ya koma zaman jiran tsammani. Ko bayan sulhun ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, ba a rana ɗaya jiki ke mance tsoro ba.

Masana sun auna alaƙar saurin bugu da ciwon suga. A Amurka, wani bincike da aka buga a 2003 ya bi mutum fiye da 8,000, ya gano waɗanda bugunsu ya fi sauri sun fi masu bugu a hankali haɗarin kamuwa da ciwon suga da kusan kashi 60 cikin 100. A China kuma, binciken Kailuan na 2015 a kan mutum sama da 70,000 ya nuna duk ƙarin bugu 10 a minti na tafe da ƙarin haɗari na kashi 23. Alama ce, ba hukunci ba. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, juna biyu, goro da taba duk suna sa zuciya sauri, don haka kada ka auna kana zazzaɓi, kuma ka maimaita kwana uku ko huɗu.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon suga, idan ya daɗe ba kulawa, yakan koma ya lalata waɗannan jijiyoyin. Mutum ya miƙe jiri ya ɗebe shi, ko sugansa ya faɗi ƙasa bai ji karkarwa ko gumin da zai faɗakar da shi ba. Wani ma ciwon zuciya ya same shi ba tare da zafin ƙirji ba.

Idan kullum bugunka a zaune yana haura 90, musamman ga mai tumbi, ko mai hawan jini, ko wanda akwai ciwon a gidansu, ko mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare, je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna sugan jininka kafin ka karya kumallo. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa. In awo ya kai 126 mg/dL ko sama, za a sake shi wata rana kafin a tabbatar.