Rashin barci da saurin fushi

Idan mutum ya kwana bai runtsa ba, da safe ƙaramar magana sai ta tunzura shi, mu kuwa mu ce halinsa ne. A ganina sau da yawa barci ne ke binsa bashi. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2007, Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali sun hana wasu matasa barci na kusan awa 35, sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Sashen da ke kula da tsoro da fushi, wato amigdala, ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kashi 60 cikin ɗari, alaƙarsa da gaban ƙwaƙwalwa, mai ja masa linzami, kuma ta yi rauni.

Wani zai ce ai damuwa ce ke hana barci, ba akasin haka ba. Gaskiya ne tana hanawa, amma matasan nan lafiyayyu ne, barci kaɗai aka raba su da shi. Kuma a 2017 masana a Jami'ar Okusfod sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci. Waɗanda aka koya wa dabarun gyara barci ta intanet, damuwarsu da zargin mutane sun ragu.