Alhamra: Fadar Sarakunan Garnada da Lambunanta

A kudancin Sifaniya, bisa wani tudu da ke leƙen birnin Garnada, akwai Alhamra, fadar Banu Nasar, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Andalus. Muhammad ɗan Ahmar ne ya aza harsashinta a 1238. Daga nesa jar ganuwa ce kawai da hasumiyoyi, sai ka ce sansanin mayaƙa. Sai an shiga ake sanin abin da ke ciki.

Tudun nan busasshe ne, don haka aikin farko shi ne kawo ruwa. Aka datse kogin Darro kimanin kilomita 6 daga sama, aka haƙa magudana tana bin gefen dutse, ruwa na gangarowa da nauyin kansa har cikin fada. Wanda ya bi sawun ruwan nan ya fi mai bin ɗakuna fahimtar wurin.

Ruwan yana fara ratsa lambun Janaralife, inda sarki ke zuwa shan iska lokacin zafi. A can akwai wata matakala da aka fafe saman katangunta biyu, ruwa mai sanyi na gudu a ciki daidai inda mai hawa ke dafawa, yana tafiya yana tsoma yatsu. Sai dai kada maziyarci ya ɗauka duk furannin da ya gani dashen sarakuna ne. Kaso mai yawa na lambun an sake tsara shi ne a ƙarni na 20.

A farfajiyar fadar Yusuf na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, ruwan ya kwanta a tafki mai tsawon mita 34. Da gangan aka sa shi shiga a hankali ta bakin tafkin don kada ya motsa, hasumiyar da ke gaba ta fito sarai a fuskarsa. Jakadun ƙasashe nan suke bi kafin su isa gaban sarki. Ɗan Yusuf, Muhammad na Biyar, shi ya gina Farfajiyar Zakuna: zakunan marmara 12 ɗauke da kwatarniya, ruwa na fita daga bakunansu, magudanai huɗu sun raba tsakar gidan, siraran ginshiƙai 124 sun kewaye shi. Yawancin adon kuwa filasta ce da katako da fale-falen tangaran, an sassaƙa su da baitocin waziri Ibn Zamrak da taken gidan, wato babu mai rinjaye sai Allah.

Ranar 2 ga Janairu 1492 Sarki Abu Abdullahi, na ƙarshen Banu Nasar, ya miƙa makullai ga sarakunan Kirista Fadinan da Isabela. A 1527 jikansu Sarki Karlos na Biyar ya fara dasa nasa ginin dutse a tsakiyar harabar, ƙato mai nauyi wanda bai dace da maƙwabtansa ba. Sojojin Faransa kuma suka tarwatsa wasu hasumiyoyi da albarushi a 1812. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1984.

Yau shiga fadojin Banu Nasar da ƙa'ida ne. Ana rubuta sa'ar shiga a jikin tikiti, wanda ya makara ya rasa, kuma ana neman fasfo ko katin shaida a ƙofa. Lokacin cunkoso tikiti kan ƙare makonni kafin ranar.