Tonon Asiri da Ladansa: Batun Kuɗin Asibiti



Da yake ni malamin harshe ne, bari in fara da kalma. Mutumin da ya ga ana cin dukiyar jama'a ya je ya faɗa, Bahaushe bai tanadar masa suna mai daɗi ba. Ko dai a ce da shi magulmaci, ko ɗan rahoto, ko ma munafuki. Babbar addu'armu kuwa ita ce Allah ya rufa asiri. Saboda haka duk dokar da za ta roƙi mutum ya tona asirin abokin aikinsa, ta tarar da harshe ya riga ya yanke masa hukunci.

To, wane asiri ake tonawa a sha'anin lafiya? Tun da shirin inshorar lafiya na tarayya ya fara aiki a 2005, Jihar Kano kuma ta yi dokar nata shirin taimakekeniyar a 2016, gwamnati takan biya asibiti ta hanya biyu: wani kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum da ke cikin rajista, ko ya zo ko bai zo ba, da kuma kuɗin aikin da aka yi wa majiyyaci. Kowace hanya da irin ha'incinta. A ta farko sai a cusa sunayen matattu da na waɗanda ba a taɓa haifa ba. A ta biyu sai a rubuta maganin da ba a bayar ba, ko a karɓi kuɗi a hannun talaka sa'an nan a sake neman gwamnati ta biya. Mai binciken kuɗi da ya zo daga birni takarda kawai yake gani, ita kuwa takarda lafiyarta ƙalau. Wanda ya san gaskiya shi ne akawun da ke riƙe da rajista.

Amurka ta daɗe da gane haka. A 1863, lokacin yaƙin basasarsu, Shugaba Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ta ba kowane mutum ikon kai ƙarar macucin gwamnati da sunan gwamnati. Bayan gyaran 1986, mai ƙarar yana samun kashi 15 zuwa 30 bisa 100 na abin da aka ƙwato. In an kore shi daga aiki saboda ƙarar, kotu na iya mayar da shi, a biya shi ninki biyu na albashin da ya rasa. Ta wannan hanya kamfanin asibitoci na HCA ya biya kimanin dala biliyan 1.7 a shekarun 2000 da 2003, kuma ma'aikatan cikin gida ne suka fasa ƙwan.

A nan Nijeriya, a watan Disamba na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da manufar ba da lada na kashi 2.5 zuwa 5 bisa 100. Amma a lura, manufa aka ce, ba doka ba. Manufa alkawarin ofis ce, wadda wani minista zai iya ɗagawa wani ya ajiye. Har mutumin da ya tona asirin dala miliyan 43 da aka samu a wani bene a Ikoyi a 2017, sai da ya yi watanni yana jeka-ka-dawo kafin ladansa ya fito. Dokar hukumar ICPC ta 2000 dai ta ce a ɓoye sunan mai ba da labari.

Yanzu mu kawo maganar gida. A ƙaddara wani ƙaramin asibiti a gari kamar Kademi, ko wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi (misali nake bayarwa, ban tuhumi kowa ba). Mutum uku ko huɗu ne ke taɓa rajista. In labari ya fita, ɓoye suna ba shi da wani amfani, domin kafin la'asar kowa ya san bakin da ya fito. Wanda aka tona wa asirin kuwa wataƙila surukinsa ne, ko sahu ɗaya suke bi a masallaci. In an ƙwato Naira miliyan 1, ladansa bai wuce Naira 50,000 ba. Wa zai sayar da zaman lafiyarsa a wannan farashi?

Sa'an nan ramuwar gayya a aikin gwamnati ba kasafai takan zo da takardar kora ba. Canjin wurin aiki ne zuwa inda mota ba ta zuwa da damina, ko fayil ya ɓace lokacin ƙarin girma. Duk wannan ana yinsa bisa ƙa'ida, da hatimi da sa hannu. A ganina, abin da ya fi lada muhimmanci shi ne doka ta ce duk wanda ya kai rahoto, in aka taɓa matsayinsa bayan haka, shugabansa ne zai zo ya tabbatar wa kotu cewa ba ramuwa ba ce. Wannan kuwa Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da ikon yi wa ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ba sai ta jira Abuja ba.