Idan dillali ya ci amanarka, Allah ya isa ba ta wadatar ba

Bara, wani yayana da ya yi ritaya daga aikin koyarwa ya tattara kuɗin sallamarsa ya sayi gida a Kawo ta hannun wani dillali. Ya biya kafin alƙalami, ya cika sauran, ya ba da la'ada. Ranar da ya je karɓar makulli sai ya tarar da magada uku a ƙofa, suna rantsuwa cewa ba a raba gadon ba, balle a yi maganar sayarwa. Dillali kuwa ya kashe waya. Dattawan unguwa suka ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Na ce masa haƙuri ibada ne, amma neman haƙƙi bai saɓa masa ba.

Wanda irin wannan ta faɗa wa yana da ƙofofi, sai dai kowace da abin da take karɓa. Idan dillali ya karɓi kuɗi a kan gidan da ya san ba shi da ikon sayarwa, ko ya sayar wa mutum biyu, wannan damfara ce. Ana kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyyar Kaduna. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ta kuma ba kotu ikon tilasta wa mai laifi ya mayar da abin da ya ci.

Amma idan saɓanin ciniki ne kawai, kada a ɓata lokaci a caji ofis, domin dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda karya yarjejeniya kaɗai. Nan kotu ce mafita, inda mai saye zai nemi a warware cinikin, a mayar masa da kuɗinsa, a kuma biya shi diyya. Rikicin mallakar filin da ke da takardar Gwamna hurumin Babbar Kotun Jiha ne, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Saboda haka a tuntuɓi lauya da wuri, domin ƙara tana da wa'adi.

Abin da ya ceci yayana shi ne hujja. Ta banki ya tura kuɗin, ya adana takardar ciniki mai sa hannun shaidu, bai kuma goge saƙonnin dillalin ba. Da lauya ya rubuta koke, sai ga dangin mutumin suna neman sulhu. Ya karɓi mafi yawan kuɗinsa, sauran ana biya kaɗan-kaɗan.

Duk da haka, da ya fara zuwa KADGIS, hukumar filayen da aka kafa a 2015, ya binciki sunan da ke kan takardar, ya kuma nemi ganin hukuncin rabon gado daga kotu, da bai yi wata takwas yana zarya ba.

Ba duk dillalai ne macuta ba, akwai masu tsoron Allah da yawa daga Malali zuwa Unguwar Dosa. Amma duk wanda aka cuta ya yi shiru, ya bar wa macucin hanyar cutar na gaba.