Kafin Ka Kwanta A Yi Maka Tausa Karo Na Farko

 

'Yan uwa, yanzu wuraren tausa sun yawaita, wasu a cikin shagunan magungunan Musulunci tare da hijama, wasu kuma har gida ake kiransu. Mai ciwon baya, mai sanƙarar wuya, direban da ya wuni a mota, uwar da ta gaji da goyo, kowa yana so a matsa masa jiki. Wannan ba laifi ba ne. Amma ka sani tausa magani ce, kuma duk abin da yake da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa idan aka sa shi ba a muhallinsa ba. Rabin aikin yana ƙarewa ne tun kafin hannu ya taɓa jikinka, wato a cikin abin da ka faɗa wa mai tausa da sharaɗin da ka gindaya masa.

Ba baƙon abu ba ne a wajen likitocin Musulunci. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 bayan Hijira, ya ware mata babi a littafinsa Al-Ƙanun, ya rarrabe tausa mai ƙarfi da mai laushi, da wadda ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi bayansa. Ka ga ke nan tun a wancan zamani ba a yi wa kowa iri ɗaya.

*Faɗi ciwonka, kada ka rage komai*

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka tafi, zauna ka tsara amsarka: ina ne yake ciwo, tun yaushe, me yake tayar da shi, wane magani kake sha? In kana da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko an taɓa yi maka tiyata, faɗa. In kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, faɗa, domin matsa mai ƙarfi tana iya tara maka jini a ƙarƙashin fata. 'Yar uwa, in kina da juna biyu, ko da zato kike yi, ki faɗa, kuma ki fara jin ta bakin ma'aikatan awo. Mai tausar da bai tambaye ka komai ba ya ce "kwanta kawai", to ka ɗauki takalminka.

*Waɗanda ba tausa suke buƙata ba*

Na farko kuma mafi haɗari: wanda sharaɓar ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. Wannan yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya. In aka murza shi yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu, kuma hakan yana kisa. An fi ganinsa ga mai jego, da wanda ya daɗe kwance yana jinya, da wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, kamar alhazai in sun sauka daga jirgi. Asibiti kai tsaye, kada a taɓa ƙafar.

Na biyu, mai ciwon bayan da ƙafarsa take mutuwa ko take rasa ƙarfi, ko fitsari yake ƙwace masa. Wannan alamar an danne jijiya ne, aikin likita ne cikin gaggawa.

Na uku, mai zazzaɓi. Ciwon gaɓɓan da zazzaɓin cizon sauro yake kawowa ba ya jin man zaitun, gwaji da magani yake so. Haka nan wanda ya faɗi ko ya yi sabon targaɗe, a fara ɗaukar hoton ƙashi. Ba a murza inda yake da miki, ƙurji ko ƙuna. Tsofaffi kuma ƙashinsu ya yi rauni, a bi su a hankali.

*Kiyaye addininka*

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To wannan a wajen faɗin ciwo ne, ban da al'aura. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, kuma ka tabbatar da haka tun kafin ka biya kuɗi. Keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba haramun ce, sunan magani ba ya halatta ta alhali akwai jinsinka da zai iya aikin. Tsakanin cibiya da gwiwa ya zauna a rufe. Ka tafi da wando mai yalwa, ke kuma da zanenki, a buɗe inda ake aiki kawai. In larura ta kai ga cinya ko ƙugu, gwargwadon larurar za a tsaya. Kuma ka zaɓi lokacin da ba zai ci maka sallah ba.

*Batun mai*

An fi amfani da man zaitun, man kaɗanya, man kwakwa, man riɗi da man habbatus sauda. Albarkar zaitun sananniya ce, Allah Ya ambace shi a Suratun Nur da Suratut Tin. Duk da haka fata ba ɗaya ba ce. Man habbatus sauda yana da zafi, yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ya sa muke sirka shi da zaitun. Ka shafa ɗan kaɗan a cikin hannunka kwana ɗaya kafin ranar. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, a canza. Haɗin da mai shi ya ƙi faɗa maka abin da ke ciki, kada ya hau jikinka. In za a ɗumama mai ko a gasa jiki, mai ciwon suga ya yi hattara, domin ƙafarsa tana iya ƙonewa bai ji ba.

*Ranar tausa*

Ka yi wanka, ka ci abinci marar nauyi kamar awa biyu kafin lokacin, ka kama ruwa kafin ka kwanta. Ka duba shimfiɗa da tawul, ka ga ya wanke hannu, farcensa a yanke. Yawanci ana ɗaukar minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma a karon farko gara a fara da laushi. Kada kunya ta sa ka cije. Akwai ɗan zafin da yake tafe da sauƙi, akwai kuma mai suka kamar allura. In ka ji na biyun ka ce a tsaya. Kada ka yarda a fizge maka wuya wai don ya yi ƙara, domin jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan suka bi.

In an gama, ka tashi a hankali kada jiri ya ɗebe ka, ka sha ruwa. In man ya daskare a fata kamar yadda kaɗanya take yi, ka wanke da sabulu kafin alwala don ruwa ya isa ga fata. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma in ciwon ya ƙaru, ko an yi sau uku ko huɗu babu sauyi, ka je asibiti a bincika. Akwai sashen gashi da aka horar da ma'aikatansa kan wannan aiki.

Mai tausa sababi ne, waraka ta Allah ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. A tura wa wanda zai amfana.